Motar da Ya Sauke Domina

Motarmu ta farko a Greensboro doguwa ce, baƙar jif mai tsayin ƙafa, wadda maigidana ya saya a hannu a wani filin motoci da ke Gate City Boulevard tun kafin in iso ƙasar. Ni kuwa gajeriya ce. Duk lokacin da zan shiga sai na kama mariƙin da ke saman ƙofa, na tattare zanena, na ɗaga ƙafa kamar mai haura katanga. Shekara uku ina wannan hawan muna dariya. A shekara ta huɗu dariyar ta ƙare, domin ina ɗauke da ciki wata huɗu. Shi ne na uku. Biyun farko ba su zauna ba.

Waɗancan biyun mun sanar da su da wuri, don murna. Matan masallacinmu sun zo da addu'a da kwanukan abinci, bayan 'yan makonni kuma suka sake zuwa da kwanukan, wannan karon don jaje. Saboda haka da na uku ya samu, Mama ta kira ni daga Katsina ta ce, "Ki rufe bakinki. Shi ma ki ce ya rufe nasa. Ciki shi ke faɗin kansa idan lokaci ya yi." Muka bi maganarta sau da ƙafa. Ma'aikatan asibiti kaɗai suka sani, su kuma ba sa cikin waɗanda ake ɓoye wa. Na koma sa manyan hijabai har ƙasa. Ko tsakaninmu mu biyu ba ma ambatonsa kai tsaye. Baƙonmu muke ce masa.

Wata safiya za mu tafi awo, na ɗaga ƙafa zan hau motar sai na ji wani abu ya ja ni a gefen mara. Na ce, "Wash!" Ba wani ciwo ba ne mai yawa, kafin mu fita daga farfajiyar gidan ya wuce. Amma na ga fuskar maigidana. 

Bayan kwana goma ya kira ni a waya da la'asar ya ce in sauko. Na tarar da shi a ƙasan bene yana murmushi.

"Gimbiya, rufe idonki."

"Yallaɓai, a kan matakala? So kake in faɗi?"

"Ga hannuna."

Ya ja ni har wurin fakin, ya ce in buɗe. Motar ce dai, amma ta rusuna. Tazarar da ke tsakanin taya da jikinta ta kusa rufewa. Ya buɗe mini ƙofa, na sa ƙafa na shiga kamar mai shiga ɗaki.

Ni tun ina sakandare littattafan soyayya suka raine ni. A cikin littafin lissafi nake ɓoye su, in karanta har a tashi. Na san samarin da ke ba da zoben zinariya, na san masu ba da mukullin sabuwar mota a cikin ƙaramin akwati. Ban taɓa karanta wanda ya sa mota ta durƙusa wa matarsa ba. Na zauna a kujerar nan na fashe da kuka, shi kuma yana tsaye riƙe da ƙofa yana cewa, "Haba, abin kuka ne?" Ya yi mini bayani cewa gajerun sifirin, ƙarafan nan masu murɗi da jikin mota ke zaune a kansu, ya yi oda, aka cire dogayen aka sa su, motar ta sauko inci biyu da rabi.

Ya ce mu zaga gari. A bakin ƙofar unguwarmu akwai tudun rage gudu, wanda muka saba hawa ba tare da mun lura ba. Ran nan da tayar baya ta sauka daga kansa sai na ji ƙum daga ƙarƙashin kujera, ƙarfe ya daki ƙarfe, dukan ya bi ƙashin bayana har wuya. Motar ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake yin sama. Ya waiwayo ya dube ni.

"Kin ji wani abu?"

Hawayen murna bai ma bushe a fuskata ba. Na ce, "Lafiya lau."

Bayan mako guda muka je gareji a saita tayoyi. Garejin yana East Greensboro, ba nisa da jami'ar da maigidana ke karatun digirinsa na uku, bayan wata coci mai jan bulo. Mai garejin dattijo ne mutumin Maraɗi, ya daɗe a garin, kowa Baba yake ce masa. Shi ya sa sifirin ɗin. Ya ba ni kujerar roba a inuwa, ya zagaya motar yana goge hannu da tsumma. Sai ya ɗora tafukansa biyu a kusurwar baya, ya danna da ƙarfinsa, ya saki. Motar ta ɗago, ta koma, ta ɗago, ta koma, ta sake ɗagowa.

"Ka gani, Malam? Mota mai lafiya sau ɗaya take ɗagowa ta tsaya. Taka rawa take yi."

"Sabo ne, Baba. Zai zauna."

"Sifirin ne sabo. Amortisa fa? Abin nan da ku 'yan Najeriya kuke ce wa shokazoba. Na faɗa maka ranar, zan sake faɗa a gaban amarya ta zama shaida. Sifirin nauyi yake ɗauka. Amortisa shi ke hana shi wasa, ya danne taya a kan kwalta. An ƙera shi ya yi doguwar tafiya sama da ƙasa. Ka gajarce masa hanya, yanzu kullum a tsugune yake, rami kaɗan ya kai ƙarshe ya daki ƙarfe. A haka zai yi ta zubar da mansa har ya mutu."

"Na karanta a intanet, mutane da yawa suna saukewa ba su canza ba."

"Intanet ɗin ne zai tuƙa ta? Da inci ɗaya ka sauke a kan sabo, da ban ce uffan ba. Inci biyu da rabi, a kan amortisan da ya girmi aurenku? Gajeru ake sa wa, waɗanda aka yi don mota mai sauka. Na irin wannan jif ɗin sai an yi oda, kuma sai ka bar mini ita yini guda."

"Bari in gama jarrabawa, Baba. Yanzu kullum ina buƙatarta."

Baba ya tsaya yana kallonsa, kansa a karkace.

"Wai ni me ya kai ka? Kai ba yaro ba, ga gemu, ga karatu. Ka mai da mota kamar ta samarin nan masu kiɗa a danja. Me za ka ɗauka a ciki da sai ta kwanta?"

Maigidana ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina kallon bakin hijabina. Ko babu umarnin Mama, ba a gaban dattijo ake faɗin irin wannan magana ba.

Ya ce, "Sha'awa ce kawai, Baba."

Baba ya yi dariya har da tafi. "To in gayu ne, je ka yi gayunka, ɗan boko. Kai da jakar littattafanka za ta kai ku wata biyu ko uku. Amma ka kiyayi ruwan sama. Kuma kada ka ɗauki abin da kake tsoron fashewarsa." Ya juyo wurina. "Amarya, ke ce mai zama a ciki. Yaya kike jin ta?"

A daidai lokacin baƙonmu ya motsa, ɗan motsi kamar kifi ya juya a ruwa.

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Daɗi ma take da shi."

A hanyar gida muka tsaya a danja. Ya ce, "Da na gama jarrabawa zan kai ta. Kafin nan a hankali zan riƙa tafiya. In kin ji wani abu ki faɗa mini." Na ce to. Na san abin da ke ransa. Da idonsa ya ga hawan nan ya ja mini ciwo. Wannan kuwa magana ce ta bakanike, ni kuma mai zama a ciki na ce ba komai.

Jarrabawa ta wuce, sai malaminsa ya ba shi aikin ɗakin gwaji. Aikin ya ƙare, sai rubutu. Ni kuma na fara ganin abubuwa.

Na farko ɗigon mai ne. A wurin fakin ɗinmu, daidai inda tayar baya ta dama ke tsayawa, na ga ɗigo uku baƙi-baƙi a kan siminti. Bayan kwanaki suka zama tabo mai faɗin tafin hannu. Duk safiya idan zan shiga sai in taka shi da takalmina don kada ya gani. Har yau ban san yadda zan bayyana wannan ba, sai dai in ce haka na yi.

Sai ƙwai. Mun yi cefane a wani babban kanti a titin Wendover, muka biyo ta hanyar da ke tsallaka layin dogo. Da na buɗe kwalin a kicin, biyar sun fashe, ruwansu ya jiƙa takardar. Na tsaya ina kallonsu, maganar Baba tana dawo mini. Na naɗe su a leda na tura ƙasan kwandon shara, na rufe da ɓawon albasa.

Motar ma ta canza hali. Idan ya taka birki sai ta dunguri ƙasa da hanci, ta ɗago, ta sake dungura. A kwana sai ta yi kamar tana tunanin ko za ta bi. Shi ya saba da ita a hankali, yadda mutum ke sabawa da ƙofa mai ƙara. Ni na fara shiga da matashi, na ce don bayana ne. A ƙarƙashin hijabi hannuwana biyu suna tallafe da cikina, ina ƙirga ramukan hanya tun kafin mu kai gare su. Na haddace su duka, daga gidanmu har asibiti.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, Hajiya matar Baba ta kama hannuna a ƙofar ɓangaren mata. Ta dube ni daga fuska har ƙafa, ta daɗe a kan tafiyata.

"Amarya, kin yi haske."

"Hutu ne, Hajiya."

"Uhm. Allah ya ƙara hutu." Ta matse yatsuna. "Baba yana cigiyar motarku. Ya ce ɗan boko ya ɓuya."

"Zan faɗa masa."

Ban faɗa masa ba. Da yammar nan na leƙa ta taga na gan shi yana wanke motar, yana goge gefen ƙofata da tsumma, wurin da nake sa ƙafa. Na sauko da niyyar magana, na tsara kalmomin tun daga saman bene. Ya ɗago ya ce, "Gimbiya, kin ga dokinki?" A duk littattafan da na karanta, yarinyar da ke kushe kyautar masoyinta ita ce mara kirki, ita ce ake rabuwa da ita kafin tsakiyar labari. Na ce, "Ya yi kyau, Yallaɓai." Na tsaya a kan tabon man har ya gama.

Ranar da abin ya faru cikin ya shiga wata na bakwai. Awo gare mu da ƙarfe biyu na rana. Tun safe baƙonmu ke harbi, har na kama hannun maigidana na ɗora ya ji. Da muka fito garin ya yi duhu ta yamma, iska ta tsaya cak, ganyen bishiyoyi ko motsi. Muna hawa Wendover ruwan ya sauko gaba ɗaya, irin ruwan bazarar garin nan da ba ya sallama. Waifa tana aiki da iyakar ƙarfinta amma da ƙyar muke ganin fitilun motar gabanmu.

Ba gudu yake yi ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Akwai wata gada da hanyar ke hawa, a bakinta kwalta ta ɗan nutse inda ta haɗu da siminti. Na san wurin, yana cikin waɗanda na haddace. Na riƙe cikina. Motar ta faɗa, ƙum, ta yi sama. Tana saman nan, ba nauyi a kan tayoyinta, jan fitilun wata babbar mota suka haska a gabanmu. Ya taka birki.

Ban ji ƙarar taya ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan, shirun. Bayan motar ya zame a hankali ya zagayo, na ga kantuna da fitilunsu suna wucewa ta gilashin gaba, inda bai kamata su kasance ba. Na ji muryarsa yana salati. Sai duka ta bayana, ta gefena, bel ya shaƙe ni a ƙasan mara. Muka tsaya muna fuskantar motocin da ke tahowa, jikinmu manne da ƙarfen gefen gada. Waifa ta ci gaba da kaiwa da kawowa.

"Kin ji ciwo? Ki yi magana! Kin ji ciwo?"

Na duba jikina. Ba jini, ba karaya. Na sa hannu a cikina na jira. Na danna gefen da ya saba harbi. Na sake dannawa.

Na ce, "Ya yi shiru."

A motar asibiti wata ma'aikaciya tana ta yi mini tambayoyi da Turanci, ina amsawa, hankalina duk yana ƙarƙashin tafin hannuna. A ɗakin da aka kai ni nas ta yaye hijabin, ta shafa mai mai sanyi, ta ɗora na'urar sauraro. Sai shuu kamar iska a cikin bututu. Ta matsar da ita dama. Shuu. Ta matsar ƙasa. Na san wannan neman, sau biyu na taɓa kwanciya ana yin sa, kuma na san yadda fuskar nas ke komawa idan ta gama. Don haka ban dubi fuskarta ba, silin na kalla. Maigidana yana tsaye a gefen gado, rigarsa sharkaf, leɓɓansa suna motsi.

Ta kai na'urar can gefen hagu, kusan bayana, ta danna. Sai ga shi, da sauri da sauri, kamar ƙaramin doki a guje daga nesa.

Likita ta ce ba a gama ba tukuna. Bayan irin wannan duka mabiyiya tana iya fara rabuwa da mahaifa ba tare da an gani nan take ba, don haka za su riƙe ni har washegari. Aka ɗaura mini maɗauri biyu a ciki, na'ura tana zana bugun a takarda.

Maigidana ya kira Baba ya janye motar. Kafin magariba sai ga shi da Hajiya, tana riƙe da fulas ɗin kunu. Hajiya ta shigo kai tsaye. Baba ya sa ƙafa ɗaya a ɗakin, idonsa ya sauka a kan cikina da maɗauran nan, ya kau da kai da sauri ya koma baya. Ƙofar ba ta rufu ba, ina jin su a baranda.

"Wata nawa?"

"Bakwai, Baba."

"Ranar da na tambaye ka me za ka ɗauka, da shi?"

"Da shi."

Sai Baba ya ci gaba.

"Na duba motar. Amortisan baya na dama babu ɗigon mai a cikinsa, da yatsa biyu na tura shi ya shige. Taya tana sama kana taka birki, me zai kama? Malam, kalma ɗaya. Ba sai ka ce ciki ba. Ka ce mini amarya ba ta jin daɗin hawa, ni ba yaro ba ne, zan gane. Da na sa mata matakala a gefe, aikin awa ɗaya, ba a taɓa sifirin ba. In kuma ka dage sai an sauke, da motar nan ba ta bar garejina da tsohon amortisa ba. Da tawa zan ba ka."

Hajiya tana zuba kunu a kofi, ta ce a hankali, "Ni na gane tun ranar Juma'ar nan. Na so in gaya masa a gida, sai na ce ba a riga mai abu faɗa." Ta miƙo mini kofin.

Na ji maigidana yana cewa laifinsa ne shi kaɗai, ita ba ta san komai ba, duk lokacin da ya tambaye ta lafiya lau take cewa. Na'urar tana ta bugawa a gefena. Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi a gaban babba ba.

"Baba, ni ma ka tambaye ni."

Na faɗi duka, ina kallon ƙofar: dukan da nake ji tun ranar farko, man da nake takawa, ƙwan da na binne a shara, saƙon cigiyar da ban isar ba. Maigidana ya dawo bakin ƙofa ya tsaya. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Kina taka man?"

"Kada ka ga kyautarka ta lalace."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna a kujera ya rufe fuskarsa da hannu.

Mabiyiya ba ta rabu ba. Aka sallame ni washegari, bayan wata biyu da 'yan kwanaki na haifi mace. Baba ya gyara jikin motar, ya mai da mata dogayen sifirinta, ya sa sababbin shokazoba huɗu, ya ɗaura matakala baƙa a gefena. Ba ta da kyau ko kaɗan, kamar tsanin shago. Da ita na riƙa hawa har muka rabu da motar.

Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Motar da muke da ita wata ce daban, ba wanda ya taɓa mata ƙafa. Duk da haka wasu safiyoyin, kafin in ɗaura mata bel, nakan zagaya baya in danna kusurwar motar da hannu biyu in saki, in ga ta ɗago sau ɗaya ta tsaya, sannan in duba siminti. Shi kuma maigidana, daga ranar nan zuwa yau, ko ciwon kai ya tambaye ni na ce lafiya lau, ba ya tafiya. Sai ya tsaya ya dubi idona ya ce, "Da gaske?" Kuma ya jira.